Mesata Ta Yi Mako Tara Ba Ta Ci Komai Ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a garin Gombe. A watan Satumba wani abokina da ya gama bautar ƙasa a kudu ya kawo mini wata ƙaramar mesa da ya saya a hannun mafarauci, irin wadda take dunƙulewa kamar gammo idan ta tsorata. Tsawonta ya kusa mita ɗaya. Na sa ta a akwatin gilashi na kifi a falonmu. Da farko ta ci ɓeraye biyu da na kama da tarko a ɗakin ajiyarmu, amma tun farkon Disamba ba ta sake cin komai ba, yau mako tara ke nan. Na gwada ɗanyen ƙwai da madara da yankan naman sa, ko kallonsu ba ta yi ba. Kullum sai na fito da ita na duba ko tana numfashi. Wani ya ce in buɗe bakinta in ɗura mata nama, Hajiyarmu kuma ta ce in fitar da ita daga gidan kafin ta mutu a hannuna in ɗauki alhaki. Mene ne abin yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, ka ajiye shawarar ɗura nan gefe, domin ita ce ta fi hatsari a cikin duk abin da ka ambata. Haƙoran mesa ƙanana ne masu lanƙwasa zuwa ciki, ƙasusuwan muƙamuƙinta kuma sirara ne, wanda bai san aikin ba zai iya karya mata haƙori ko ya ji mata ciwon da zai zama ruɓar baki, sannan bayan duk wannan wahalar ta amayar da abin da aka ɗura mata. Likitan dabbobi ne kaɗai yake yin wannan, shi ma sai dabbar ta rame ƙwarai kuma an rasa wata dabara. Mako tara ga mesa mai tsawon mita ɗaya bai kai a tayar da hankali ba, tunda an san irinta da yin watanni huɗu, biyar ko fiye ba tare da cin komai ba, ta kuma tashi garau. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne inda ka ajiye ta, da kuma ɓerayen da ka ba ta.

Wannan dabba dai 'yar yankinmu ce. Masana suna kiranta Python regius, kuma tana zaune ne a dazuzzuka da gonakin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tun daga Senegal har zuwa Uganda. Daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Amurka da Turai, inda ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a gidaje. Ta bambanta da babbar mesar da muka sani, wadda take haɗiye akuya, domin ita da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, ba ta da dafi, kuma idan ta ga abin tsoro sai ta cusa kanta a tsakiyar jikinta ta yi lamo. A daji tana wuni ne a cikin ramin ɓera ko na gafiya, ko a cikin tsohon suri, wurin da yake da duhu da matsi da ɗumi da laima, sai dare ya yi ta fito bakin rami ta yi kwanton ɓauna. Duk wanda yake so ta ci abinci a hannunsa, wannan ramin zai kwaikwaya mata, kai kuwa ka ajiye ta a fili a tsakiyar falo, gilashi ta ko'ina, ga talabijin, ga yara suna ƙwanƙwasawa, ga ka kana fito da ita kullum. A wurinta duk hannun da ya sauko daga sama shaho ne, kuma macijin da yake tsoron a cinye shi ba ya yarda ya cika cikinsa, don ya san cikakken ciki nauyi ne da zai hana shi gudu.

Sai kuma maganar sanyi, wadda nake ganin ita ce tushen lamarin, tunda ka ce a farkon Disamba ta daina ci, daidai shigowar hunturu. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa kamar ni da kai, daga ƙasa da iskar da ke kewaye da shi yake aro, kuma da wannan ɗumin ne cikinsa yake narkar da abinci. Idan ta haɗiye ɓera alhali jikinta ya yi sanyi, ɓeran zai fara ruɓewa a cikinta kafin ya narke, don haka ƙin cin da take yi kariya ce da Allah ya halicce ta da ita. Tana buƙatar gefe ɗaya na mazauninta ya kasance tsakanin digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya gefen kuma tsakanin 25 zuwa 27, yadda za ta riƙa kai da komo tana zaɓar abin da jikinta yake so. Ka san yadda asubahin Janairu yake a Gombe da Bauci, lokacin da ruwan randa yake gagarar alwala, to ka ƙiyasta yadda akwatin gilashi da aka ɗora a kan tayil zai kasance a wannan lokacin. Buji kuma yana busar da iska ƙwarai, alhali ita tana son laimar da ta kai kashi 60 cikin 100 ko sama da haka, kuma wadda ta bushe ba ta sha'awar ci, ba ta kuma yin saɓa yadda ya kamata.

Gyaran bai da tsada. Ka nemi babbar roba mai murfi irin wadda mata suke ajiye kaya a ciki, wadda tsawonta ya kai kusan na mesar, ka huda ƙananan ramuka a gefunanta da ƙusa mai zafi, ka tabbatar murfin yana kamawa sosai, domin macijin nan yana da ƙarfin tura murfi fiye da yadda kake zato. Ka shimfiɗa tsofaffin jaridu a ciki, ka guji garin katako na 'yan katako tunda ba ka san irin itacen ko maganin da aka fesa masa ba. Ka samo ƙananan tukwanen ƙasa guda biyu, ka fasa wa kowace ƙofa a baki, ka goge kaifin da dutse, ka kife ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi. Kada tukunyar ta yi mata girma, so ake idan ta shiga ta nannaɗe, jikinta ya riƙa taɓa bangon ta kowane ɓangare. Na fi son tukunyar ƙasa a kan kwali saboda tana riƙe laima idan ka yayyafa mata ruwa a bayanta. Ka sa kwano mai nauyi da ruwa mai tsafta wanda ba za ta iya kifarwa ba, sannan ka ɗora robar a kan katako a ɗakin da ba a yawan shiga.

Game da ɗumi, akwai shimfiɗar lantarki da ake sakawa a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na robar, amma kada ka yi amfani da ita sai tare da na'urar da take kashe ta idan zafi ya kai iyaka, domin maciji yakan kwanta a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai motsa ba. Daren da babu wuta, ka cika gorar roba da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tawul, ka jingina ta a jikin robar ta waje. Kaskon gawayi kuwa kada ya shiga ɗakin ko kusa, hayaƙinsa yana kashe mutum ma a rufaffen ɗaki. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi da laima na batir, ka daina auna yanayi da tafin hannu. Ina kuma tunatar da kai tun yanzu cewa nan da Maris da Afrilu matsalar za ta juye, lokacin da zafin Gombe yake kaiwa digiri 40, kuma zafin da ya haura 35 a ko'ina cikin robar, babu wurin tsira, ya fi sanyi saurin kashe ta. A wannan lokacin sai ka cire duk wani abin ɗumi, ka mayar da ita ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan.

Yanzu ga ɓerayen tarko, kuma a nan lafiyarka da ta mutanen gidanku nake dubawa kafin ta mesar. Idan ka shiga intanet za ka ga masu kiwon wannan maciji a Amurka da Ingila suna cewa idan ya ƙi ci a ba shi ɓeran Afirka mai nonuwa da yawa, domin shi ne abincinsa a daji, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai nasu ɓeran an daɗe ana kiwonsa a keji, namu kuwa, wanda yake yawo a rumbu da ɗakin ajiya, shi ne yake ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a shekarar 1969. Ana kamuwa da ita ta fitsari da kashi da jinin ɓeran, tana kuma ƙaruwa ne a rani, kuma makwabciyarku Bauci tana cikin jihohin da suka fi fama da ita a Najeriya. Wanda yake cire ɓera daga tarko da hannu, ya kai shi falo, yana wasa da ransa da na iyalinsa, kuma saka ɓeran a firiza ba ya kashe ƙwayar cutar. Ban da wannan, ɓeran gida yana iya kasancewa ya ci shinkafar ɓera a gidan maƙwabta kafin ya faɗa tarkonka, gubar kuma ta wuce zuwa cikin mesar. Ka yi wa Allah godiya da sau biyun farko suka wuce lafiya, ka tsaya a nan.

Ƙwai da madara da yankan nama duk ba abincinta ba ne. Maciji ba ya iya narkar da madara, labarin da ake yi cewa yana sha tatsuniya ce. Tsokar nama zalla kuma, ko da ta yarda ta haɗiye, ba za ta gina ta ba, saboda abin da ƙashinta yake buƙata yana cikin ƙashin abin da ta ci, sinadaran jikinta kuma suna cikin hanta da kayan ciki. Dabba sukutum take ci, da gashi da ƙashi da hanji. Abin da ya dace ka nema shi ne farin ɓera na kiwo, irin wanda ake ajiyewa a ɗakunan bincike na jami'o'i, kuma tunda kai ɗalibi ne, ka tambaya a sashen nazarin halittu ko na haɗa magunguna, za a nuna maka masu sayarwa, amma ka tabbatar ba wanda aka yi gwajin magani a kansa aka ba ka ba. Idan ka samu mace biyu da namiji ɗaya ka kiwata da kanka, cikinsu kimanin mako uku ne, za su ishe ka. Ɗan tsakon kwana ɗaya da ƙaramar salwa su ma abinci ne, kuma sun fi sauƙin samu a wurin masu kayan kaji. Wani bincike da masana biyu, Luiselli da Angelici, suka wallafa a 1998 a kan wannan mesa a kudu maso gabashin Najeriya ya nuna cewa mazan sun fi hawa itace suna cin tsuntsaye, matan kuma sun fi cin ɓeraye, don haka kada ka yi mamaki idan taka ta ƙi farin ɓera ta karɓi ɗan tsako. Wadda aka kamo daga daji takan ɗauki lokaci kafin ta gane farin ɓera abinci ne, tunda launinsa da warinsa baƙo ne a wurinta, kuma dabarar da take aiki ita ce a goga masa ɗan tsako a jiki don ya ɗauki warinsa. Tsako kaɗai dai yakan sa kashinta ya yi ruwa, saboda haka a riƙa cuɗanyawa idan ta saba.

Girman abincin kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta, yadda bayan ta haɗiye za ka ga ɗan tudu kaɗan. Ga mai tsawon mita ɗaya, ɓera mai nauyin giram 50 zuwa 70 sau ɗaya a mako biyu ya wadatar. Jarirai ne ake ba kowane mako, manya sosai kuma sukan kai mako uku ko wata guda tsakanin ci da ci. Da yawa daga cikin mesoshin da ake kiwo a gida ƙiba ce take lalata su, don masu su suna auna cikin maciji da nasu.

Ina roƙonka kada ka ba ta mai rai, kuma wannan daga abin da ya same ni nake faɗa. Shekarun baya a Bauci na taɓa saka wa wata mesa irin taka ɓera mai rai bayan sallar isha'i, na ga ba ta kula shi ba, sai na ce bari in bar su zuwa safiya. Da gari ya waye na tarar da ɓeran zaune a kusurwa yana wanke fuska, ita kuma ta dunƙule ta ɓoye kanta, ya gaigaye mata fatar baya wuri uku, kowane kamar faɗin kwabo, har ana ganin farin nama. Ba ta kare kanta ba ko sau ɗaya, domin dunƙulewa ita ce iyakar kariyar da ta sani. Watanni muka yi ana wanke ciwon, kuma tabon bai ɓace ba ko bayan saɓa da yawa. Ka sa likitan dabbobi ya nuna maka yadda ake kashe ɓeran nan take ba tare da azabtarwa ba, domin shi ma rai ne. Idan za ka tara su a firiza, ka sa su a rufaffen mazubi na daban nesa da abincin gida, kuma duk wanda ya narke saboda ɗaukewar wuta har ya fara wari, ka binne shi, kada ka sake daskarar da shi. A irin wutarmu, ni na fi ganin hikimar kiwo a gida da kashewa a ranar da za a bayar.

Akwai abu guda da ba ka faɗa mini ba, wanda shi ne zai raba gardama tsakaninka da Hajiya, wato nauyinta. Ka ari ko ka sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ka sa ta a cikin rigar filo ka ɗaure baki, ka auna, ka rubuta a littafi da kwanan wata, sannan ka maimaita kowane mako biyu. Mesar da take azumin lafiya nauyinta da ƙyar yake motsi, jikinta a cike, harshenta yana fita yana shiga idan an taɓa ta. Mazan musamman sukan daina ci a lokacin barbara, wanda ya zo daidai da watannin sanyi, kuma kowace irinta takan ƙi abinci idan saɓa ta gabato, lokacin da za ka ga idanunta sun yi hazo kamar an shafa musu toka. Amma idan ta rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinta, ko ƙashin bayanta ya fito ya yi tsini kamar rufin kwano, ko ka ji tana fito idan tana numfashi, ko ka ga majina da kumfa a bakinta, ko tana ɗaga kai sama baki buɗe, to asibitin dabbobi za ka nufa a ranar. Ko ba ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, tunda daga hannun mafarauci ta fito, ka duba tsakanin ɓawon fatarta ko akwai kaska, kuma duk ranar da ta yi kashi ka kai shi a duba tsutsar ciki. Kai ma ka riƙa wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa ta ko robarta, saboda macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa, kuma kada ƙananan yara su riƙa ɗaukarta.

Hajiya kuwa ba ta yi kuskure ba da ta ambaci alhaki, domin kowa ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Tsoronta ma yana da dalili a jihar da gobe-da-nisa take kai manoma asibitin Kaltungo kowace shekara. Ka zaunar da ita cikin ladabi ka bayyana mata cewa wannan ba ta da dafi, ka nuna mata robar da murfinta, ka kuma nemi ta ba ka wata biyu. Hukuncin ajiye maciji a gida kuma ka kai shi gaban malamanku, ba fagena ba ne. Sai dai ka sani cewa wannan dabba tana kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo, wato za ta bi ka har gidan aurenka, kuma tana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa ido a kan cinikinsu. Idan ka auna ka ga ba za ka iya ba, ko Hajiya ta tsaya a kan bakanta, gidan nata ne, sai ka tuntuɓi sashen kula da namun daji na ma'aikatar muhalli ta jiharku. Kada ka sake ta a bayan gari, don mutum na farko da zai gan ta sanda zai ɗauko.

Idan ka yanke shawarar riƙe ta, ka auna ta yau, ka mayar da ita sabon mazauninta, sannan ka ɗauke mata hannu na tsawon mako biyu cur, babu ɗauka, babu hoto, babu tayin abinci, sai sauya ruwa kawai. A daren cikar mako biyun, bayan isha'i, ka kashe fitilar ɗakin ka bar ɗan haske kaɗan. Ka sa ɓeran ko tsakon a leda ka tsoma a ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, har sai jikinsa ya yi ɗumi ciki da waje, musamman kansa, domin a leɓenta na sama akwai wasu ƙananan ramuka da take jin ɗumin abin farauta da su ko a cikin duhu. Ka riƙe shi da dogon awartaki, kada da yatsu, ka kawo shi bakin tukunyar da take ciki kana ɗan girgiza shi a hankali, ba tare da ka dungure mata fuska da shi ba. Idan ta leƙo, wuyanta ya lanƙwashe, harshenta yana fita da sauri, ka tsaya cak, za ta kai sara ta nannaɗe shi, kai kuma sai ka saki, ka rufe murfin, ka fita. Idan ba ta kai sara ba, ka ajiye shi a bakin tukunyar ka bar shi zuwa asuba, da yawa daga cikinsu sai sun tabbatar babu mai kallo suke ci. In ka tarar da shi da safe, ka zubar, kada ka sake tayi sai bayan kwana goma, domin tayin kullum yana ƙara mata ƙyama ne kawai. Ranar da ta ci kuma, kada ka taɓa ta sai bayan kwana biyu, idan kuwa ta amayar, ka ba cikinta hutun mako biyu sannan ka koma da wanda ya fi ƙanƙanta. Bayan tayi na uku, ko ta ci ko ba ta ci ba, ka sake rubuto mini da nauyin da ka auna a kowane karo da abin da ma'aunin zafi yake nunawa da asuba.